Dajin Dobrawa

Wata bakwai Dobrawa tana dasa daji
a hawa na huɗu, a birnin Wrocław,
dajin da ba ya shan ruwa.
Kowane ganye da jijiyarsa,
kowace jijiya da raɓarta.

Ran Talata suka ɗora wa na'urar wasan kayanta.
Fanka ta hau kuka
kamar jakin da aka yi wa mangala biyu.
Leszek ya nuna lambar da ke kusurwar allo:
ashirin da shida. Ashirin da uku.

"Ɗigon haske miliyan takwas kike so,
ni kuma hoto sittin a kowace daƙiƙa.
Akwatin nan ƙarfinsa ke nan.
Taura biyu ba ta taunuwa."

Ta ce a rage gudu.
Ya ce a rage ganye.
Shayi ya huce a tsakaninsu.

Ran Lahadi ta kai wa mahaifinta wasan,
tsohon direban taragon cikin gari,
shekara talatin da ɗaya yana duban layin dogo
har idonsa ya koma bayan tabarau mai kauri.
Ya riƙe abin sarrafawa kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai,
ya kora dokin wasan cikin dajin 'yarsa.

Ta jira ya ga raɓar.
Bai gani ba.

"Hanyar nan tana tuntuɓe," in ji shi.
"Na juya hagu, sai ta yi shawara kafin ta biyo ni.
Da tarago ne, da tuni na mai da shi gareji."

Daren nan ta koma ofis ita kaɗai.
Daga nesa ta fara sassabe:
duwatsun baya suka koma dishi-dishi,
inuwa ta rasa kaifin bakinta,
ciyawa ta daina rawa sai an zo dab da ita.
Lamba ta hau. Arba'in da takwas. Hamsin da tara.
Sittin. Ta tsaya cak.

Amma a kwanar kogi, inda ba kowa ke bi ba,
ta bar itace guda da ganyensa kaf.
Duk wanda ya tsaya a gindinsa
lamba takan zame zuwa hamsin da bakwai.

Leszek ya gani ran Litinin.
Ya daɗe yana kallo.
Bai sa shi cikin jerin kurakurai ba.