Baƙin Ceɗiya

Ranar Laraba, tun ladanin Bagalam bai rufe baki ba,
ceɗiyar bayan ɗakina ta cika da surutu.
Jiya ba kowa a kanta sai kurciya biyu
da ƙadangaren da ya mai da reshen gabas gadonsa.
Yau ga marai, ga shaya mai doguwar wutsiya,
ga wasu ƙanana masu jan baki da ban san sunansu ba,
kowa na magana, ba mai saurare,
kamar tashar Madarunfa ranar kasuwa.

Barira ta leƙo ta katanga, muciya a hannu:
"Baƙi za ka yi, ka share zaure."
Ɗan Jimma mai gyaran rediyo ya ce a'a,
maciji ne, tsuntsu ba ya taron banza.
Ya zo da gora, ya zunguri kogon sau uku.
Ba abin da ya fito sai tururuwa da tsohuwar leda.

Na tsinko ɗan ceɗiya na latsa,
ɗanye shar, sai farin ƙaro a yatsa.
Ba ci ya kawo su ba ke nan.
Gindin randa a bushe.
Na ɗaga kai neman shaho, sama fayau,
ba mujiya cikin ganye.
Kwana biyu ina lissafi, shayi na hucewa a gabana,
kashinsu na yi wa tabarmata zane.

Ran Juma'a na bi hanyar gulbi zan kai keke gyara.
A kwanar da durumin nan yake,
inda 'yan kabu-kabu ke fakewa da rana,
sai na ga sama ta yi yawa.
Kututture kawai, ya fi tabarma faɗi,
garin katakon bai ko bushe ba.
An jibge bulo a gefe, wai shaguna za a yi.
Sheƙa ɗaya a ƙasa, taya ta bi ta kanta.

Na daɗe a tsaye, keke a hannu.

Da na dawo na ce wa Barira ta canka,
sai dai baƙin ba na zaure ba ne.
Na fasa sare reshen da ke gogar kwanon ɗakina,
na zuba ruwa a kasko, na janye tabarma gefe.
Da magariba suka yi ta rigimar wurin kwana,
rassan ba su ishe su ba.
Ƙadangare ya sauko,
ya gyaɗa kai, ya koma katanga.