Mai Gadin Fitilu

Ƙarfe biyu saura kwata.
Shayina ya huce a kan tebur,
ni da allo muna kallon juna
kamar maƙwabta masu tsohuwar gaba.

Kowace unguwa ɗigon fitila ce.
Kawo kore, Barnawa kore,
Kakuri na ƙyafta ido, amma da ranta.
Aikina ke nan, ƙirga numfashin gari,
ba a tunawa da ni sai ya ɗauke.

Sai Rigasa ta yi ja.
Tudun Wada ta bi sahu,
Kabala, Unguwar Mu'azu,
kamar wuta ta kama zana.

Dogara ya ɗauka da muryar barci:
"Wayar ƙasa ce. Masu haƙan kwalbati
sun sake yi mana yankan rago."
Ina jin sa yana laluben takalmi,
matarsa na cewa, ga rigar ruwa.

Saura sanarwa.
Tsohuwar na nan a ajiye, ta sha jiki:
"Wasu ƙalilan na iya fuskantar 'yar tangarɗa."
Ƙalilan?
A cikin ƙalilan akwai Barmani
mai cirar kuɗi a bakin tashar jirgi,
da asuba na'ura za ta yi ta juyi, layi na hararar ta.
Akwai mai naƙuda, lambar mai keke ba ta shiga.
Akwai Inna, da ba ta runtsawa
sai na ce mata na ci abinci.

Na goge. Na rubuta:
"Waya ta tsinke a Bakin Ruwa.
Unguwa huɗu babu layi.
Ba mu san yaushe zai dawo ba.
Ƙarfe uku za ku sake jin mu,
ko da labari, ko babu."

Malam Jatau ya kira daga gado:
"Kamfani ba ya cewa bai sani ba."
Na ce, ranka ya daɗe,
ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Ya yi shiru. Na danna.

Sai na tuna, waɗanda na rubuta dominsu
su ne ba za su gani ba.
Na tashi mai gadin gidan rediyo,
na karanta masa, yana rubutawa a bayan kwalin sabulu.

Uku: babu labari. Na faɗa.
Huɗu: Dogara na cikin taɓo har gwiwa,
tocila a baki,
yana ɗinke zaren da bai kai gashi kauri ba.
Na faɗa.

Ana kiran assalatu Rigasa ta buɗe ido.
Saƙon farko ya faɗo:
"Allah ya isa, ɓarayi!"
Na jingina da kujera, na yi hamdala.
Tun da zagi ya iso, hanya ta gyaru.

Wayata ta yi ƙara.
"Ladidi, kin ci abinci?"
Na dubi shayin. Na ce, a'a, Inna,
amma ƙarfe shida za ki sake ji na.