Lissafin Ma'ajiya

Ni ce ma'ajiyar cocinmu a Memphis,
shekara goma sha tara littafin kuɗi na hannuna.
Da Fasto Ledbetter ya miƙe ya ce,
"Bana za mu buɗe wa yaran unguwa ƙofa duk hutun bazara,"
jama'a suka ce amin,
ni kuwa na buɗe littafi a kan cinyata.
Amin ba ta biyan kuɗin wuta.

Yara talatin muka yi wa tanadi.
Ran Litinin hamsin da biyu suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa,
uwayensu sanye da rigunan aikin asibiti da na kanti,
ido ɗaya kan yaro, ɗaya kan bas.
Wa za ka kalla ka ce ya koma?
Na yanka burodi siriri har ana hango yatsa ta cikinsa.

Sati na biyu na'urar sanyi ta yi tari ta mutu.
Yuli ya zauna mana a wuya kamar mai bin bashi.
Muka aro fankoki shida, biyu ba sa waiwaye.
Cikin masu sa kai bakwai, uku suka tuna suna da ciwon baya.
Corliss, mai shekara talatin a aikin koyarwa,
na tarar a ɗakin ajiya tana kuka cikin tsumman kicin.
Ta share ido, ta ce, "Ina almakashi?" ta koma.

Na rubuta:
gilashin taga mai hoton ɗan rago, ƙwallo ta fasa, dala ɗari huɗu.
Dardumar gaban bagadi, jan lemo.
Famfon bayi, sau biyu.
Dattijo Thaddeus ya shigo, fuska ta haɗa hadari:
"Gidan Ubangiji ne nan ko filin wasa?"
Ban amsa ba. Ni ma da tambayar nake kwana.

Akwai wani yaro, Tavion, ɗan shekara takwas,
ba wasa, ba magana,
ya ci rabin abincinsa, rabi ya shige aljihu.
Na ritsa shi ran Alhamis. Ya sunkuyar da kai:
"Kakata ce. Ba ta iya tashi."
Daga ranar lissafina ya fara tuntuɓe,
kullum ƙunshi ɗaya sai ya ɓace,
ban kuwa taɓa gano inda yake shiga ba.

Shi ne ya riƙa raɓowa ina ƙirga sulalla,
yana bin layin littafina da yatsa.
Ashe bai iya karatu ba, kunya ce ta ɗinke masa baki.
Da rasit muka fara. Madara. Sabulu. Gishiri.
Wasu da Zabura suka koya, shi da takardar kanti,
har ran da ya haɗa kankana shi kaɗai, baƙi bayan baƙi,
ya yi ihun da ya tashi Dattijo daga gyangyaɗi.

Agusta ya zo, motocin makaranta suka kwashe su.
Coci ya yi tsit, tsit ɗin da na yi ta roƙo,
ga shi ya samu, na rasa inda zan ajiye shi.
Ƙarƙashin benci na uku, takalmi ƙafa ɗaya.
Bayan ƙofar ofishina, can ƙasa, da jan alli,
an rubuta Odessa, harafi ɗaya ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Dattijo ya sayo fenti.
Gwangwanin yana gidana, bayan injin wanki.
Ya yi ta nema.

Na rufe littafi: giɓin dala dubu da ɗari biyu da sittin.
Ran Lahadi zan karanta wa ikilisiya, ba ragi ba ƙari.
Sauran kuwa, babu layin da aka ja dominsa.
In Fasto ya sake miƙewa baɗi,
zan buɗe littafi a kan cinyata kamar kullum,
in ce a fara gyara na'urar sanyi tukuna,
sannan a yi mana cinikin burodi na mutum sittin.