Zaiba a Tafin Hannu

Da sunan Allah na fara, ko da yake hannun na rawa.
Ɗan ƙanwata ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa.
Rubuta, Tanimu, kada ka gyara mini kome,
Rubuta: Sha'aibu ɗan Mai Wurno ya tafi neman riba.

Maɗinki ne ni a da, rumfata na kallon kogi,
Zare kan shiga allurata ko fitila ta kusa mutuwa.
Sai ga Awad ya dawo da babur da haƙorin zinari.
Na cusa keken ɗinki a buhu, na bi motar asuba.

Abidiyya! Garin da injin niƙa ba ya barci.
Dutse na shiga, gari na fita ja kamar barkono.
Aka ba ni kwano da kududdufi iya gwiwa,
Aka ɗiga mini wani abu a tafin hannu,
Mai sanyi, mai nauyi, yana sulɓi kamar idon kifi.
Suka yi dariya: ga abokiyar aikinka, sunanta zaiba.

Shekara huɗu ina cuɗa ta da laka, hannu tsirara,
In tace a ƙyalle, in matse, in sa haƙori idan ta ƙi,
In ɗora ƙwallon a cokali bisa garwashi,
In sunkuya ina hurawa har goshi ya kusa taɓa wuta.
Hayaƙinta ba wari, ba ƙauri, ba ya sa tari.
Wa zai ji tsoron abin da hanci bai shaida ba?

Batul mai shayi, rumfarta taku biyar daga murhunmu,
'Yarta a goye, tana leƙen tartsatsin wuta.
An ce yarinyar ta cika uku bana,
Ba ta taka ba, ba ta kira uwarta ba.

Ran da ruwa ya gangaro daga tudu cikin dare,
Ya kwashe tsibin dusar dutsen da muka gama wankewa,
Ya fasa tafkin kamfani mai ruwan guba.
Da safe kurciyoyi a ƙasa kamar an zazzage buhu,
Awaki goma sha bakwai a bakin kwari, ciki a kumbure.
Mai su ya ƙirga, ya sake ƙirgawa,
Sai ka ce lissafin zai ji tausayinsa.
Kwarin nan kuwa hanyarsa ɗaya,
Nilu ne a gaba.

Can akwai mai ban ruwan albasa, akwai mai taru,
Akwai tsohon da zai kamfata ya kurkure baki don alwala.
Ban san sunansu ba, su ma ba su san nawa ba,
Amma da hannuna a abin da suka ɗiba.

Me na kawo gida? Rubuta shi daidai.
Ɗan kunne guda biyu a kunnen uwarka,
Kwanon rufi a ɗaki ɗaya,
Dasashi mai jini, miyau mai ɗanɗanon ƙarfe,
Fushin da ke tasowa ba dalili har yara su watse,
Da surar da na haddace tun ina ɗan bakwai,
Yanzu sai in kai tsakiya in tsaya, ban san gaba ba.

Likita a Wad Madani ya ce in miƙa hannu.
Ya ɗora takarda a kai, ta yi ta kaɗawa kamar ganyen dalbejiya.
Bai tambayi aikina ba. Ya ce, shekara nawa a can?
Ka ga ba ni ne na fari da ya duba ba.

To, ajiye alƙalamin, Tanimu.
Na ga jakar da ka ɓoye bayan randa,
Na ji kana tambayar kuɗin mota zuwa arewa.
Ba zan yi maka wa'azi ba, bakina ya gaji.
Ga allura, ga zare. Zauna nan kusa,
Ka kalli kawunka yana ƙoƙarin zurawa,
Daga yanzu har ladan ya kira magariba.