Inda Dogo Ya Tsaya

A soja, abin da aka fara koya wa Hamajoda
shi ne inda gada take da rauni:
ginshiƙi na uku, a ɗaura nakiya, a ja baya taku ɗari.
Gada biyu ya kayar.
Bai taɓa faɗa mana sunan kogunan ba.

Da ya tuɓe kaki, ya zo mana da ma'auni mai ƙafa uku,
ni ne yaron da ke riƙe masa sanda mai ja da fari.
"Matsa hagu, Ɗan'azumi. Kaɗan. Tsaya nan."
Haka muka ci damina huɗu
daga kurmi zuwa tudun Ngawundare,
ƙudan tsando na shan rabonsa,
jar ƙasa ta rina mu har farce.

Ba ya zagi. In ƙusa ta karkace
sai ya tsuguna ya zare ta da kansa.
Kunyar ta fi bulala zafi.

Ranar da jirgi ya fara shiga tasha ana ta guɗa,
shi yana can ƙarƙashin gadar Bina,
tafinsa a jikin ginshiƙi,
yana sauraren nauyi na wucewa.

Dogo ya tsaya nan. Taswirarsa ba ta tsaya ba:
jan layi ya haura Garwa, ya nufi Cadi.
Tana akwatin ƙarfe yanzu, gara ta cinye Marwa.

Jiya na kai jikata bayan tasha.
Ta ce, "Kaka, don me ƙarfen ya ƙare cikin ciyawa?"
Na miƙa mata sandata.
Na ce, riƙe. Matsa hagu kaɗan.