Ƙwaya a Cikin Cuku

Wilf Robson ya shekara hamsin yana kiwon tumaki
a tuddan bayan Hexham,
yau ni ke ɗaure masa igiyar takalmi.
Wanka, shayi, ƙwayoyin safe, aikina ke nan.
Babu karya a takardar da na sa wa hannu.

Amma ga Moss, baƙa mai farin wuya,
tana cinye kwano biyu tana ramewa,
gashinta ya dushe kamar tsohon bargo,
tana jan gindi a kan darduma.
Ran Talata na duƙa da leda a hannu
na gan su a kashinta, farare,
kamar ƙwayar shinkafa, suna motsi.

Tsohon ya nuna rumfa da sanda:
“Akwai ragowar maganin tumaki a galan,
ɗura mata rabin kofi.”
Na duba galan, rubutun ya goge,
gizo-gizo ya yi gida a murfin.
Na ce, Baba, abincin wani gubar wani.
Ya yi tsaki, ya juya wa taga baya.

Likitar dabbobi, Ailsa, ta ɗora ta a sikeli.
Kilo goma sha shida.
Ta ce gara da ban taɓa galan ba,
a irin karnukan kiwo akwai waɗanda
wani maganin garke kan taɓa wa ƙwaƙwalwa.
Nauyi ke yanke yawan ƙwaya, ba ido ba.
Ta ce a kashe ƙuma ita ma,
in ba haka ba, an share ɗaki an bar ƙofa.

A gida Moss ta lashe cukun,
ta tofar da ƙwayar a gaban murhu.
Wilf ya yi dariya har da tari,
ya karɓa da hannunsa mai rawa,
ya yi mata fito, ƙasa-ƙasa,
ta haɗiye.

Na tuna layinmu a firamare a Malumfashi,
malam da kofin ruwa ɗaya,
“buɗe baki in gani.”

Daren nan ban yi barci sosai ba,
ina sauraron numfashi biyu.

Mako uku, haƙarƙarinta ya ɓuya.
Na rubuta ranar ƙwaya ta gaba a kalanda,
ƙarƙashin ranar asibitin tsohon,
na wanke hannu da sabulu,
na ɗora buta.