Awon Fari

Allo uku ne a ɗakin tace hotonmu na Jekadafari,
kuma babu biyun da suka taɓa yarda da juna.
Na hagu farinsa na alli,
na tsakiya na kindirmon da ya kwana,
na dama kamar rigar da aka cika wa bula.
Shekara ashirin da shida ni ne alƙalinsu.
In murɗa nan, in lallashi can,
in ce ya yi, kowa ya ce ya yi.

Sai ranar da Hajiya Dudu mai atamfa ta shigo
da turmin da muka yi wa talla a kafaɗa.
"Ruwan hoda na kawo muku.
Wa ya mai da shi ruwan goro a gidajen mutane?"

Manaja ya ware kuɗi, ba masu yawa ba,
ya ce ni da Lantana mu zaɓo ma'auni.
Lantana, wadda aka haifa
bayan na riga na ƙone yatsa a cikin talabijin.

Iri biyu ta nuna mini.
Ƙarami, bai fi ƙwallon mangwaro ba,
mai sauri, mai gani ko a cikin baƙi,
amma sai ka faɗa masa irin fitilar da ke bayan gilashi,
in ba haka ba ya yi maka ƙarya da zuciya ɗaya.
Babban kuwa tsefe haske yake zare-zare,
ba ya gaggawa, ba ya son duhu,
kuɗinsa kuɗin fili a Tumfure.

Ga kuma manhaja.
Ta kyauta ta faɗi ciwo, ta bar ka da murɗe-murɗe.
Ta kuɗi ta rubuta magani ta zuba a cikin allon,
duk shekara a biya ta da dala.
Ni ina lissafin dala,
ita ta zagaya baya tana karanta lamba:
"Baba, wannan tsohon ba ya karɓar magani ma.
Biyu za mu biya wa."

Muka sayi ƙaramin.
Babban mu yi hayarsa daga Jos sau ɗaya a shekara
ya zo ya duba gaskiyar ƙanensa,
don mudu ma da mudu ake gwada shi.

Daren awo muka ja labule,
muka bar alluna su yi ɗumi rabin awa.
Ta rataya abin a fuskar na tsakiya,
wanda na fi ji da shi,
wanda da hannuna na daidaita jiya.
Ja ya zo ya wuce. Kore. Shuɗi.
Sai toka, hawa-hawa, daga gawayi har zuwa madara.
Janareta na tari a waje.

Lamba ta ce shuɗi ya yi yawa.
Na ce a sake. Aka sake.
Ta gyara, sai farin ya koma mini
kamar takardar da ta daɗe a ƙasan akwati.
Na ce, kin ɓata shi.
Ba ta dube ni ba. "Wannan shi ne fari, Baba.
Mu ne kullum muke ƙara wa hoto ja
don mu kashe shuɗin da muke gani."

Likita ya haska idona ranar Laraba.
Yana ce, ya ce, ta ɗan yi rawaya,
a hankali take zuwa, ba ta sallama.
Ashe bula nake ta zuba wa duniya
don in wanke abin da ke cikin idona.

Har yau ni ke fara zuwa.
In share gilashi, in kunna, in jira rabin awa.
Turmin Hajiya Dudu na nan a rataye.
Idan an gama awo nakan ce ya yi,
sai dai yanzu muryata kan ɗan ɗaga a ƙarshe.